Kuɗin Man Doba: Yadda Aka Sa Musu Mai Gadi, Da Yadda Aka Sallame Shi

Ranar 10 ga Oktoba 2003 shugaba Idriss Deby ya murɗa famfo a Kome, kusa da Doba a kudancin Chadi, a gaban shugabannin ƙasashe maƙwabta da manyan kamfanonin mai. A wannan ranar ce kuma ƙungiyoyin farar hula da na kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasar suka kira zaman makoki. Ba man suke ƙi ba. Tun 1999 suke roƙon a dakata da aikin, a fara gina hukumomin da za su iya riƙe amanar kuɗi kafin kuɗin su iso. Ba a saurare su ba.

Sama da shekara ashirin ke nan, kuma har yau a rumfunanmu na Babbar Kasuwar Njamena, da Kasuwar Gero, da Dembe, da tashoshin mota na Kuseri ta Kamaru a ƙetaren kogi, da zarar hira ta kai kan tsadar rayuwa sai wani ya jefo tambayar: to ina kuɗin man? Amsar da aka saba bayarwa ita ce "sun cinye". Ba ƙarya ba ce, amma ta yi gajarta, kuma ba ta koya wa kowa komai. A Chadi an zauna an rubuta doka tun ganga ɗaya ba ta fita ba, an buɗe asusu a ƙasar waje, an naɗa masu sa ido har da malaman addini da 'yan ƙwadago. Duk da haka tsarin bai wuce shekara biyar yana aiki ba. Yadda aka yi ya rushe shi ne abin da ya kamata mu sani dalla-dalla.

Abin da aka rubuta a takarda

Tun shekarun 1970 aka san akwai mai a ƙarƙashin gonakin Doba, amma yaƙe-yaƙe da rashin teku suka hana a taɓa shi. Fitar da shi sai da bututu mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya shiga Kamaru ta wajen Tuboro, ya ratsa Adamawa, ya gangara har gaɓar teku a Kribi. An ƙiyasta aikin a kan dalar Amurka biliyan 3.7. Kamfanonin Shell da Elf sun janye a ƙarshen 1999, sai ExxonMobil ya ci gaba da kashi 40 cikin 100, Petronas na Malesiya da kashi 35, Chevron da kashi 25.

Kamfanonin ba su rasa kuɗi ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tsaya musu idan gwamnati ta sauya magana, da kuma wanda zai wanke su a idon duniya. Shi ya sa suka nemi Bankin Duniya. Rancen da bankin ya amince da shi a watan Yuni 2000 ƙarami ne idan an gwada da girman aikin: dala miliyan 39.5 ga Chadi, miliyan 53.4 ga Kamaru, don su sayi hannun jari a kamfanonin bututun. Amma sa hannunsa ne ya buɗe ƙofar sauran masu ba da rance. Shi kuma ya gindaya sharaɗi guda: kuɗin man su tafi wajen yaƙi da talauci, kuma a rubuta haka a doka.

Dokar ita ce mai lamba 001 ta watan Janairu 1999. Ta ce rabon da Chadi za ta samu kai tsaye, wato kashi 12.5 cikin 100 na man da aka haƙo tare da ribar hannun jarinta, ba zai shigo baitulmali haka nan ba. Zai fara sauka a wani asusu a Citibank na Landan. Daga nan a biya bashin da aka ci don aikin, a ware kashi 10 a ajiye wa zuri'a mai zuwa. Abin da ya rage, wajen kashi 80 a kashe shi kan lafiya, ilimi, ruwan sha, hanyoyi, noma da kiwo. Kashi 5 na yankin da ake haƙo man ne. Kashi 15 gwamnati ta yi hidimarta ta yau da kullum.

Aka kuma kafa kwamitin sa ido mai mutum tara, wanda ake taƙaita sunansa da CCSRP. A ciki akwai alƙali daga kotun ƙoli, da 'yan majalisa biyu, da daraktan reshen Chadi na BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, da shugaban baitulmali, sai mutum huɗu daga wajen gwamnati: wakilin ƙungiyoyin raya ƙasa, na 'yan ƙwadago, na masu kare haƙƙin ɗan Adam, da kujera ɗaya da Musulmi da Kirista suke karɓa-karɓa. Ma'aikatar da ke son taɓa kuɗin mai sai ta kawo takardunta gabansu sun sa hannu. A lokacin an yi ta yaba wannan tsari a matsayin abin koyi ga duk ƙasar Afirka mai arzikin ƙasa.

Inda dokar ba ta kai ba

Wanda ya karanta dokar a tsanake zai ga ramuka biyu, kuma masu suka sun nuna su tun a lokacin. Na farko, ta shafi filaye uku ne kaɗai: Kome, Miandum da Bolobo. Duk rijiyar da aka buɗe a wani wuri daga baya, dokar ba ta san da ita ba. Na biyu, wanda ya fi muni, ta shafi kuɗin da ke shigowa kai tsaye ne kawai. Harajin ribar kamfanonin da kuɗin kwastan, waɗanda aka kira kuɗin shiga na bayan fage, baitulmali suke wucewa ba tare da sun bi ta gaban kwamiti ba. An kafa mai gadi a ƙofar zaure, an bar katangar baya a rushe.

Da farko wannan bai dami kowa sosai ba, domin an yi lissafin aikin ne a kan ganga ta kusan dala 15, an kuma ɗauka Chadi za ta samu wajen dala biliyan 2 a cikin shekara 25. A irin wannan farashi, kamfanonin za su daɗe suna mayar da jarinsu kafin su fara biyan harajin riba mai kauri. Sai farashi ya yi ta hawa har ya kai dala 147 a watan Yuli 2008. Kamfanonin suka mayar da jarinsu da wuri, haraji ya fara zuba daga 2006, kuma nan da nan ya zarce abin da ke bi ta Landan nesa ba kusa ba. Kuɗin da aka zata za a tara a rubu'in ƙarni sai ga shi ana samun fiye da rabinsu a shekara guda, mafi yawansu ta hanyar da babu mai tsaro.

Akwai kuma gargaɗin da ya zo tun kafin a binne bututu ɗaya. Da Chevron da Petronas suka shiga aikin a 2000, sun biya gwamnati tukwicin sa hannu na dala miliyan 25. Kafin shekarar ta ƙare aka gano an sayi makamai da miliyan 4.5 daga ciki. Gwamnati ta ce tukwici ba ya cikin dokar, kuma a rubuce gaskiyarta ce. Bankin Duniya ya nuna ɓacin rai, aka yi alkawarin saura za su bi tsari, aiki ya ci gaba. Shekara biyu kafin nan, a 1998, an ɗaure Ngarlejy Yorongar, ɗan majalisa daga Bebeja a tsakiyar yankin man, bayan ya yi zargin cin hanci a harkar aikin. Bankin ya san da ɗaurin nan lokacin da ya amince da rancen, kuma batun makaman bai sa ya janye ba. A ganina wannan shi ne laifinsa mafi girma: ya ga halin wanda yake hulɗa da shi, ya zaɓi ya yarda cewa takarda za ta sauya shi.

Kwamitin a bakin aiki

Ya kamata a yi wa mutanen kwamitin nan adalci, domin wasunsu sun yi aiki da zuciya ɗaya a cikin matsi. Ga yadda takarda take tafiya. Ma'aikatar ilimi, alal misali, tana son gina azuzuwa a wani gari. Sai ta haɗa takardun kwangila ta aika wa kwamiti. Kwanaki biyar na aiki kwamiti yake da su ya duba farashi, ya duba ko an bi ƙa'idar ba da kwangila, ya amince ko ya mayar. Mutum tara ne da 'yan ma'aikata ƙalilan, a ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi, wadda a lokacin kwaltarta ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba, kuma da damina wasu yankunan ba sa shiguwa. Kuɗin gudanar da kwamitin kansa daga hannun gwamnatin da yake bincika suke fitowa. An gama shimfiɗa bututu shekara guda kafin lokacin da aka ɗiba, alhali horar da ma'aikata da gyaran tsarin kasafi suna can baya suna jan ƙafa.

Da suka fita rangadi, sun ga abin da kowane ɗan ƙasa ya sani: ginin da aka biya ba a gama ba, kayan makaranta da aka saya da tsada ga shi ba su da ƙwari, aikin da ke kan takarda amma babu shi a ƙasa. Suka rubuta, suka buga. Nan ikonsu ya tsaya. Ba su da hurumin gurfanar da kowa. Rahoto yana zuwa hannun gwamnati da kotu, kuma idan waɗannan ba su motsa ba, shi ke nan. Ɗan kwangilar da aka ambata a rahoton bana yana iya samun wata kwangilar baɗi.

Kashi 5 na yankin Doba kuwa, kwamitin wucin gadi da fadar shugaban ƙasa ta naɗa ne ya riƙa juya su, domin zaɓaɓɓun hukumomin yanki da doka ta ambata ba a kafa su ba. Daga cikin abin da aka gina da kuɗin har da filin ƙwallo a Doba, alhali ƙauyukan da rijiyoyin mai suka cinye wa gonaki suna neman ruwan sha da ɗakin shan magani. Babu wanda ya tambayi manomin Kome abin da ya fi buƙata.

Shekarar da aka tsinke igiya

A watan Yuni 2005 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. Kafin ƙarshen shekarar sojoji sun fara gudu daga bariki suna komawa gabas, har da na kusa da Deby, ga rikicin Darfur ya turo 'yan gudun hijira sama da 200,000, ga gwamnatin Sudan tana mara wa 'yan tawaye baya, ga albashi ya maƙale. A ƙarshen Disamba majalisa ta yi wa dokar 001 gyara. Aka soke asusun zuri'a mai zuwa, wanda ya tara wajen dala miliyan 36, aka kwashe abin da ke ciki. Aka ninka rabon gwamnati daga kashi 15 zuwa 30. Aka sa tsaro a cikin jerin fannonin da ake kira na yaƙi da talauci.

Hujjar Deby ba ta banza ba ce, kuma na ji dattawa masu hankali a cikinmu suna kare ta. Ƙasa mai 'yanci ce, man nata ne, yaya za a ce wani ofishi a Washinton ne zai faɗa mata yadda za ta kashe kuɗinta? Yaya za a ajiye kuɗi a Landan don jikoki alhali 'ya'ya suna mutuwa da zazzaɓi yau? Kuma idan 'yan tawaye suka ci birni, wace makaranta za ta rage? Haka nan kashi 12.5 da aka ba Chadi ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ƙorafin da ya yi a kan haka yana da tushe. Amma duk wannan hujja ce ta a sauya inda kuɗi za su tafi. Ba hujja ba ce ta a daina nuna wa mutane inda suka tafi. Kuma yaƙin da ake cewa ya tilasta gyaran dokar, wani ɓangarensa gyaran tsarin mulki ne ya haife shi.

Paul Wolfowitz, shugaban Bankin Duniya na lokacin, ya dakatar da rancen dala miliyan 124 a watan Janairu 2006, asusun Landan ya daskare. Ranar 13 ga Afrilu 'yan tawaye suka shigo har cikin Njamena aka kore su. Deby ya ce idan ba a sakar masa kuɗi ba zai rufe bututu. Faransa da Amurka ba sa son gwamnatinsa ta faɗi ga mutanen da Khartum ke ɗaure wa gindi, kamfanoni ba sa son mai ya tsaya. Kafin watan ya ƙare an sasanta, a watan Yuli kuma aka sa hannu kan sabuwar takarda: Chadi za ta kashe kashi 70 na dukan kasafinta kan rage talauci. A wannan karon babu asusun da za a riƙe idan ba a cika ba. Wata guda bayan haka Deby ya ba Chevron da Petronas wa'adin barin ƙasa kan batun haraji, suka biya kusan dala miliyan 280 suka zauna. Kowa ya gane wanda ke da ƙarfi yanzu.

A farkon Fabrairu 2008 'yan tawaye suka sake shigowa, aka kwana biyu ana ɓarin wuta a kewayen fadar shugaban ƙasa. Dubban mutane suka tsallaka zuwa Kuseri, da yawa daga cikinmu a gidajen 'yan uwa muka sauka, wasu suka wuce har Marwa da Garwa. Da ƙura ta lafa aka haƙa ganuwa aka kewaye birni, aka sare manyan itatuwan da ke kan titin Charles de Gaulle, aka ƙara zuba kuɗi a jiragen yaƙi da motocin sulke. A watan Satumba na shekarar Chadi ta biya Bankin Duniya ragowar bashinsa na aikin man, dala miliyan 65.7, tun lokacin biya bai yi ba, bankin ya sanar da janyewarsa. Ga gwamnatin da ke samun sama da dala biliyan 1 a shekara, wannan kuɗi ba komai ba ne. Duk ƙarfin da bankin yake taƙama da shi a kan bashin nan ya rataya, kuma man da ya taimaka aka haƙo shi ne ya biya bashin. A 2009 sashen binciken bankin da kansa ya rubuta cewa babbar manufar aikin, wato rage talauci da gyara mulki, ba ta cika ba.

Me aka gina, kuma a nawa

Ba gaskiya ba ne a ce ba a ga komai ba. Wanda ya san Njamena kafin mai ya san bambanci. An shimfiɗa kwalta zuwa Mundu da Abeshe, an gina asibitin uwa da yaro, an buɗe jami'o'i a larduna, an gina matatar mai ta Jarmaya tare da kamfanin CNPC na Sin a 2011, an ƙawata Dandalin Ƙasa don bikin cika shekara 50 da 'yanci. Ƙididdigar gwamnati ta nuna talauci ya sauka daga kusan kashi 55 cikin 100 a 2003 zuwa kusan 47 a 2011.

Tambayar ita ce nawa aka biya, kuma wa ya duba. An ƙiyasta abin da ya shigo a shekara goma na farko ya haura dala biliyan 10. Hanyoyi biyu ne suka fi zubar da kuɗin. Ɗaya ita ce kwangilar hannu da hannu, wadda ake ba mutum ba tare da an yi gasa ba. Ɗayar ita ce fitar da kuɗi daga baitulmali kafin a rubuta izinin kashe su, da sunan gaggawa, a zo a daidaita takardu daga baya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sha kokawa kan waɗannan biyun shekara bayan shekara. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa da shagon da ake ɗibar kuɗi a aljihun teburinsa a ce za a rubuta gobe. Sannan an fi son gini a kan abin da ke sa gini ya yi amfani: aji ba malami, asibiti ba magani ba ma'aikaci, domin a siminti ne ake samun kaso. Har yanzu wajen mutum ɗaya ne cikin goma yake da wutar lantarki a ƙasar nan, kuma Chadi ba ta bar sahun ƙarshe ba a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Cin hancin da aka tabbatar a gaban alƙali kuwa, a waje aka tabbatar da shi. A watan Janairu 2013 kamfanin Griffiths Energy ya amsa laifi a wata kotu a Kalgari ta Kanada cewa ya biya dala miliyan 2 ga wani kamfani na matar jakadan Chadi don neman filayen mai. Aka ci shi tarar dalar Kanada miliyan 10.35, wadda ta shiga baitulmalin Kanada. A 2018 hukumomin Ingila suka ƙwato fam miliyan 4.4 daga wani reshe na wannan badaƙala, suka ce za a kashe su kan ayyukan agaji a Chadi.

Bashin Glencore, da wanda ya biya shi

Da an tsaya a nan, da sai a ce an yi facaka da abin da aka samu. Abin da ya biyo baya shi ne cin kuɗin man da ba a haƙo ba tukuna. A 2013 gwamnati ta karɓi dala miliyan 600 daga Glencore, kamfanin dillancin mai da ma'adinai mai hedkwata a Suwizalan. A tsakiyar 2014 kamfanin mai na ƙasa, SHT, ya sake karɓar kusan biliyan 1.45 ta hannunsa don sayen kashi 25 na Chevron, a kan za a biya da ɗanyen mai. A lokacin ganga tana sama da dala 100. A watan Janairu 2015 ta faɗo ƙasa da 50, bayan shekara guda ta faɗo ƙasa da 30. Bashi bai ragu ba, gangunan da ake buƙata don biyansa ne suka ninka. Jirgi ya yi lodi a Kribi, kaso mafi tsoka ya tafi wajen mai bin bashi, abin da ya iso baitulmali bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ranar ce aka kafa asusun ajiya dominta, kuma an riga an kwashe shi shekara goma kafin nan.

A 2016 gwamnati ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu. Aka zabtare rabin alawus na ma'aikata, aka dakatar da tallafin ɗaliban jami'a. Malamai da ma'aikatan lafiya suka shiga yajin aiki, makarantun gwamnati suka yi watanni a rufe. A farkon 2018 aka sake taɓa albashi, aka ƙara kuɗin mai a gidan mai, aka sake rufe makarantu. Amnesty International ta ruwaito a shekarar cewa kasafin lafiya ya ragu da fiye da rabi tsakanin 2013 da 2017.

A kasuwa muka ga wannan da idonmu. Yayana yana da rumfar hatsi, kuma akwai littafin bashi da yake ajiyewa a ƙarƙashin buhu, mafi yawan sunayen ciki na ma'aikatan gwamnati ne masu biya ƙarshen wata. A watannin nan shafukan suka cika, babu layin da aka soke. Wani malamin firamare da ya saba ɗaukar buhun gero ya koma sayen koro biyu. Ran nan ya tsaya a bakin rumfa bai shigo ba, ya ce, "Alhaji, yau ba awo na zo ba, haƙuri na zo in ƙara ba ka." Yaya ya ce, "Malam, shigo ka zauna. Ai ba kai ka riƙe albashin ba." Ya auna masa koro uku ya rubuta. Da malamin ya tafi, ya daɗe yana jujjuya littafin, domin shi ma wanda ya ba shi kaya yana jira, ga masu karɓar kuɗin rumfa ba su fasa zuwa ba. Malamin nan da yayana ba su sa hannu a takardar Glencore ba, ba a karanta musu ita a rediyo ba, amma su suka biya.

Nan ne nake ganin asalin kuskuren tsarin yake. An gina shi ne don gwamnati ta riƙa ba banki bayani, ba don ta riƙa ba mu ba. Majalisa tana hannun jam'iyya ɗaya, kotu ba ta iya taɓa na kusa da fada, ɗan jaridar da ya tona yana kwana a tsare. A shekarun da mai yake tsada, gwamnati ba ta buƙatar harajin mai rumfa, don haka ba ta buƙatar yardarsa. Da mai ya faɗi sai ta tuna da shi, ta zo da rasit. Mu ma muna da namu: muddin kaya suna wucewa gadar Ngeli da ta haɗa Njamena da Kuseri, kwangila tana zuba, ciniki yana tafiya, kaɗan ne a cikinmu suka damu su ji abin da rahoton kwamiti ya ƙunsa. Mun ɗauki kuɗin mai kamar na gwamnati ne, ba namu ba.

Bayan haka

A 2018 aka sake tsara bashin Glencore, aka tsawaita shi zuwa shekara 12 aka rage ruwa. A shekarar ce kuma, cikin gyare-gyaren da suka kawo sabon tsarin mulki na jamhuriya ta huɗu, aka rushe kwamitin sa ido gaba ɗaya. A watan Janairu 2021 Chadi ta zama ƙasa ta farko da ta nemi sassauci a ƙarƙashin sabon tsarin bashi na ƙasashen G20. Deby ya rasu a watan Afrilu na shekarar, ɗansa Mahamat ya hau. Yarjejeniyar da aka cimma da masu bin bashi a watan Nuwamba 2022 ba ta yafe komai daga uwar kuɗin ba, lokacin biya kawai ta gyara. A tsakiyar 2022 aka kama sakataren shugaban ƙasa na musamman bisa zargin sama da faɗi da biliyoyin sefa na SHT. Bai daɗe ba aka sake shi, a farkon 2023 kuma aka naɗa shi shugaban ma'aikatan fada.

Abin da ya rage wa mai son bin sawun kuɗin shi ne rahotannin EITI, shirin bayyana kuɗin ma'adinai da Chadi ta shiga a 2010, inda ake jera abin da kamfanoni suka ce sun biya kusa da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Suna fitowa a makare, da Faransanci mai nauyi, kuma suna nuna shigar kuɗi ne fiye da fitarsu. Duk da haka suna nan a intanet, kuma 'ya'yanmu da suka yi karatu za su iya fassara mana su a rediyo da zaurukan WhatsApp, da Hausa da Larabcin kasuwa.

ExxonMobil kuwa ya sayar da rabonsa ga Savannah Energy na Ingila a watan Disamba 2022 kan dala miliyan 407 ya tafi, bayan filayen Doba sun tsufa, abin da suke fitarwa ya koma ɗan kaɗan daga abin da suka fitar a 2005. Gwamnati ta ƙi amincewa da cinikin, a watan Maris 2023 ta mayar da kadarorin mallakin ƙasa. Rigimar ta tsallaka iyaka: da kamfanin mai na Kamaru, SNH, ya shirya sayen kashi 10 na kamfanin bututun daga hannun Savannah, Njamena ta kira jakadanta gida daga Yawunde a watan Afrilu, abin da ya tayar da hankalin duk mai kaya a kan hanyar Duwala zuwa Ngaundere zuwa Kuseri kafin a sasanta. Savannah ya kai ƙara gaban masu sulhu na ƙasa da ƙasa yana neman diyya, kuma duk abin da za a biya a kan wannan, daga baitulmalin Chadi zai fito.